An bar jaki an daki taiki: labarin Baron Görtz, Bajamushen da ya biya bashin sarkin Suwidin da wuyansa

A ranar 2 ga Disamba, 1718, bisa tsohuwar kalandar da ƙasar Suwidin ke amfani da ita a lokacin, wani babban mutum ya yada zango a gidan faston ƙauyen Tanum, can yammacin ƙasar, kusa da iyakar Norway. Hanyarsa ta nufi sansanin yaƙi ne, inda zai gana da maigidansa, Sarki Charles na 12. A duk faɗin Suwidin, in ka cire sarki, babu wanda ya kai shi iko. Baitulmali a hannunsa yake, maganar sulhu da Rasha ma a hannunsa take. Kwatsam sai ga hafsoshin soja sun shigo, suka ce an umarce su su kama shi.

Abin da mutumin bai sani ba shi ne, maigidan nasa ya kwana biyu da mutuwa. Harsashi ya same shi a ka a cikin ramin yaƙi. Kafin a cika wata uku, an sare wa wannan baƙo kai a birnin Stockholm, jama'a na kallo, da yawansu kuma na murna.

Sunansa Georg Heinrich von Görtz. Ba ɗan Suwidin ba ne, Bajamushe ne, bai kuma taɓa riƙe wani muƙami na hukuma a ƙasar da ta kashe shi ba. To, yaya aka yi baƙo ya hau can ƙololuwa, kuma me ya sa ya faɗo a dare ɗaya?

Ɗan babban gida mai neman fada

A wancan zamani babu wata dunƙulalliyar ƙasa mai suna Jamus. Ƙananan masarautu ne birjik, ɗaruruwa, kowace da fadarta da nata ɗan sarkin. 'Ya'yan manyan gidaje da suka yi karatu kan fita neman fadar da za ta ɗauke su aiki, a gida ko a waje, ba a kuma ganin hakan a matsayin cin amana. Görtz ɗan gidan sarautar Schlitz ne a yankin Hesse, yana da laƙabin Baron na gado. Ya yi karatu a jami'ar Jena, tun yana saurayi kuma ya rasa ido ɗaya. Waɗanda suka san shi sun shaide shi da kaifin basira, da iya zance, da ƙarfin hali, da kuma girman kai.

A ƙarshen ƙarni na 17 ya shiga hidimar masarautar Holstein-Gottorp, wata 'yar ƙaramar ƙasa a arewacin Jamus da ke maƙale a ƙugun Denmak. Sarakunan Denmak sun daɗe suna son haɗiye ta, ita kuwa sai ta raɓu da Suwidin don ta tsira. Mai mulkin Gottorp, Duke Frederick na 4, ya auri Hedvig Sophia, yayar Sarki Charles na 12. Wannan surukuta ce ta ɗaure ƙaramar masarautar da babbar daula, ita ce kuma igiyar da daga baya ta ja Görtz har Stockholm.

A shekarar 1700 Denmak da Rasha da sarkin Folan suka yi wa Suwidin taron dangi, yaƙin da ya ɗauki shekara 21. Charles yana ɗan shekara 18 a lokacin, amma ya ba duniya mamaki: cikin 'yan makonni ya fitar da Denmak daga yaƙin, sannan ya fatattaki rundunar Rasha a Narva. Sai dai a 1702 aka kashe surukinsa Duke Frederick a fagen daga a Kliszów, ya bar magaji ɗan shekara 2, Charles Frederick. Baffan yaron, Christian August, ya zama mai riƙon ƙwarya. A irin wannan fada ta maraya ne Görtz ya sami sarari.

Akwai wani dattijon minista mai suna Magnus von Wedderkop da ya tare masa gaba. Bayan rasuwar Hedvig Sophia a 1708, Görtz ya yi ta ƙulle-ƙulle har aka kama dattijon a 1709, aka jefa shi kurkukun ganuwar Tönning, aka ƙwace dukiyarsa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa. Görtz kuwa ya zama shi ne wuƙa shi ne nama a Gottorp, har ya gina wani katafaren gida a birnin Hamburg, wanda fuskarsa na nan a titin Neuer Wall har yau.

Wasa da wuta a Tönning

A 1709 al'amura suka juye. Sarki Peter na Rasha ya ragargaza rundunar Suwidin a Poltava, Charles ya tsere kudu ya nemi mafaka a Daular Usmaniyya ta Turkiyya, a zamanin Sultan Ahmed na 3. Garkuwar Gottorp ta fashe ke nan. Görtz ya ga cewa ƙaramar ƙasa ba ta da makami sai baki, sai ya shiga wasan fuska biyu: yana rantse wa Denmak cewa Gottorp 'yar ba-ruwanmu ce, a ɓoye kuma yana hulɗa da Suwidin.

A farkon 1713 janar ɗin Suwidin Magnus Stenbock, bayan ya ci nasara a Gadebusch ya kuma ƙone garin Altona, ya sami kansa a tsaka mai wuya, abokan gaba sun kewaye shi. Aka buɗe masa ƙofar ganuwar Tönning ya shige da rundunarsa. Gwamnatin Gottorp ta nuna kamar ba da saninta ba. Denmak ba ta yarda ba. Stenbock ya miƙa wuya a watan Mayu, Denmak ta mamaye ƙasar Gottorp, a 1714 kuma Tönning kanta ta faɗa hannunta, aka sako tsoho Wedderkop.

Ka ga dai, dabarar Görtz ta farko ta ƙare da asarar ƙasar da yake wa hidima. Wani da sai ya koma gida ya rufa wa kansa asiri. Shi kuwa sai ya lissafa cewa hanya ɗaya ta rage: in Suwidin ta farfaɗo, Gottorp za ta dawo. Akwai kuma babban buri a ƙasa. Sarki Charles bai yi aure ba, ba shi da ɗa, kuma yaron nan Charles Frederick ɗan yayarsa ne. Wa ya sani ko wata rana shi zai gaji gadon sarautar Suwidin?

Sarkin da ya dawo daga Turkiyya

Charles ya shafe shekara 5 a ƙasar Turkawa, mafi yawa a garin Bender, yana ta zuga Sultan ya yaƙi Rasha, yana cin bashi a hannun 'yan kasuwa. Zaman ya yi tsawo har masu masaukin suka gaji. A 1713 sai da aka yi artabu kafin aka fitar da shi daga gidansa. Daga wannan rikici ne kalmar Turkanci "kalabalik" ta shiga harshen mutanen Suwidin da ma'anar hargitsi. A ƙarshen 1714 ya yi shigar burtu, ya keta Turai a kan doki cikin kusan mako biyu, ya isa Stralsund, garin Suwidin a gaɓar tekun Jamus. Wasu daga cikin masu binsa bashi, Musulmi da Yahudawa, sun biyo sawunsa har Suwidin, suka zauna shekaru suna jiran kuɗinsu, sarkin ya kuma ba su izinin yin ibadarsu, abin da dokar ƙasar ba ta yarda da shi ba a da.

Görtz bai yi wata-wata ba, ya garzaya Stralsund. Nan jininsu ya haɗu. Dalili kuwa a fili yake. Duk wanda ya zo gaban sarki daga Stockholm kuka yake kawowa: babu kuɗi, babu maza, ƙasa ta gaji, a yi sulhu. Gaskiya suke faɗa. Mutanen Suwidin kanta ba su kai miliyan 2 ba, annoba ta yi musu ɓarna a 1710 da 1711, Rasha ta ƙwace lardunan gaɓar tekun Baltik ta kuma mamaye Finlan. Amma Charles ba ya son jin "ba zai yiwu ba". Görtz shi ne mutumin da ya ce masa zai yiwu, ga kuma yadda za a yi.

Stralsund ta faɗi a Disamban 1715, sarki ya tsallaka teku ya koma gida. A 1716 ya danƙa wa Görtz harkar kuɗin ƙasa, ya haɗa masa da manyan lamuran waje. Görtz ya kafa sharaɗi: zai ci gaba da zama ma'aikacin Gottorp, ba zai zama talakan Suwidin ba, sarki kaɗai kuma zai riƙa yi wa bayani. A ganinsa kariya ce ya yi wa kansa. Ashe ramin da zai faɗa ne ya haƙa. Majalisar sarki da tsofaffin ma'aikatu duk aka tsallake su, manyan ƙasa suka koma 'yan kallo, baƙo mai ido ɗaya yana ba da umarni. Ba shi da dangi a ƙasar, ba shi da jam'iyya, ba shi da runduna. Bango ɗaya ya jingina da shi, bangon kuma mutum ne mai son tsayawa inda harsashi ke ruwa.

Gumakan Görtz

Yaƙi kuɗi yake ci. Ina za a samo su? Suwidin ƙasa ce mai arzikin jan ƙarfe, har ta kai tana buga kuɗi da manyan faranta na jan ƙarfe, waɗanda darajarsu ke cikin nauyinsu. Farantin dala ɗaya, wato kuɗin da suke kira "daler", ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo. Sai gwamnati ta fito da wasu 'yan ƙananan sulalla na jan ƙarfe, kowane bai kai giram 10 ba, ta ce kowa ya karɓe su a matsayin dala ɗaya ta azurfa, da alkawarin za a fanshe su bayan yaƙi. A taƙaice, bashi ne aka ci a hannun talaka ba tare da an tambaye shi ba.

An fara buga su a 1715, kafin Görtz ya karɓi baitulmali, kuma da yardar sarki aka yi. Amma a zamaninsa ne abin ya yi yawa. Iri 10 aka buga tsakanin 1715 da 1719, jimilla kimanin miliyan 40. Ana canza zanen lokaci-lokaci don a sha gaban masu buga jabu. Biyar daga cikinsu suna ɗauke da hotunan gumakan tsohuwar Rum: Jupiter, Saturn, Phoebus, Mars da Mercury. A ƙasar da ke riƙe da addinin Kirista da ƙarfi, wannan ya zama abin magana. Jama'a suka raɗa musu suna "gumakan Görtz", aka riƙa yaɗa cewa mutumin ba shi da addini.

Abin da ya biyo baya kowa zai iya hasashensa. Mai azurfa ya ɓoye azurfarsa. Manomi ya ƙi kawo hatsi kasuwa don kada a biya shi da sulallan banza. Farashi ya tashi. Gwamnati ta mayar da martani da ƙarfi: aka ƙayyade farashi, aka tilasta wa masu hali ba da rance, aka umarci mutane su miƙa kuɗin azurfa a musanya musu, aka sa hannu a cinikin baƙin ƙarfe, wanda shi ne babban abin da ƙasar ke sayarwa waje. Ga kuma ɗibar samari zuwa soja ba ƙaƙƙautawa.

A nan ya kamata a yi adalci ta ɓangarori biyu. Tsarin ya yi aikin da aka ƙirƙire shi don shi: ƙasar da kowa ya ce ta mutu ta sake tara babbar runduna a 1718. Amma da jinin talaka aka yi. Kuma tunda mutane ba sa iya zagin sarki, gwarzon Narva, wanda suke gani Allah ne ya naɗa shi, sai duk tsinuwar ta koma kan baƙon da ke kusa da shi. Attajiri na ƙinsa, fasto na ƙinsa, hafsan soja na ƙinsa, manomi na ƙinsa.

Wasiƙun Landan da kurkukun Holan

Sulallan jan ƙarfe ba sa sayen jirgin ruwa a ƙasar waje. Don haka a 1716 Görtz ya tafi Holan da Faransa neman rance. Bankuna suka juya masa baya. Waɗanda suka saurare shi su ne magoya bayan James Stuart, mai da'awar gadon sarautar Ingila, waɗanda tawayensu ya sha kashi a 1715. Suna neman sojojin da za su taimaka musu su tumɓuke Sarki George na 1. Shi kuwa George, ban da Ingila, shi ne mai mulkin Hanover a Jamus, kuma ya mallake lardunan Bremen da Verden na Suwidin. Maƙiyin maƙiyinka ai abokinka ne.

Görtz da jakadan Suwidin a Landan, Carl Gyllenborg, suka shiga musayar wasiƙu da waɗannan mutane: ku ba mu kuɗi, mu kawo muku runduna. Masana tarihi da yawa na ganin kuɗin kawai Görtz ke so, kuma Sarki Charles bai ɗaure kansa da alkawarin kai hari Ingila ba. Sai dai gwamnatin Ingila tana buɗe wasiƙun tana karantawa. A farkon 1717 aka kama Gyllenborg a gidansa a Landan, aka kwashe takardunsa, duk da kariyar da jakadu ke da ita. Ingila ta matsa wa Holan, aka cafke Görtz a garin Arnhem. Aka buga wasiƙun aka raba wa duniya. Suwidin ta rama ta hanyar tsare wakilin Ingila a Stockholm.

Watanni ya yi a tsare kafin a sake shi a tsakiyar shekarar. Wani abin mamaki, fitowarsa ke da wuya ya ɗora daga inda ya tsaya. Sarki Peter na Rasha yana ziyara a yammacin Turai a lokacin, ransa kuma a ɓace yake da abokan ƙawancensa, musamman George. Görtz ya tuntuɓi mutanen Peter a Holan, aka amince za a zauna teburin sulhu.

Teburin tsibiran Åland

A watan Mayun 1718 aka buɗe taro a ƙauyen Lövö, a tsibiran Åland da ke tsakanin Suwidin da Finlan. Görtz da Gyllenborg ne suka wakilci Suwidin. Rasha ta turo James Bruce, wanda asalin gidansu Sukotlan ne, da Andrei Osterman, ɗan wani fasto daga garin Bochum na Jamus. Wato Jamusawa biyu ne suka zauna suna cinikin makomar ƙasashe biyu da ba nasu ba.

Lissafin Görtz mai sauƙin fahimta ne. Suwidin ba za ta iya yaƙar kowa da kowa ba. A sasanta da mafi ƙarfi, wato Rasha, a bar mata abin da ta riga ta ci a gaɓar Baltik, inda Peter ya gina sabon birninsa St. Petersburg, ita kuma ta taimaka wa Suwidin ta rama asararta a kan Denmak da Hanover. A lokaci guda ana buɗe ƙofar magana da George, don kowane ɓangare ya ji tsoron kada ɗayan ya riga shi.

Matsalar ita ce maigidansa. Sau da dama Görtz ya tsallaka teku ya kai wa Charles daftari, sarki ya ƙi sa hannu ko ya ƙaro sharuɗɗa. Charles na son ya ci wata babbar nasara tukuna, sannan ya yi ciniki da ƙarfinsa. Osterman, wanda ba yaro ba ne a wannan fage, ya gane cewa duk abin da Görtz ke faɗa ya rataya ne a kan numfashin mutum ɗaya.

Akwai kuma siyasar cikin gida. Fada ta rabu biyu kan wanda zai gaji sarki. Ɓangare ɗaya na bayan saurayin Gottorp, Charles Frederick. Ɗayan na bayan ƙanwar sarki, Ulrika Eleonora, da mijinta Frederick na Hesse, wanda babban kwamanda ne a rundunar. Mutanen Hesse na ganin in sulhu da Rasha ya tabbata a hannun Görtz, to ɗan Gottorp ya ci gado. Saboda haka nasarar Görtz faɗuwarsu ce.

Harsashi ɗaya

A kakar 1718 Charles ya kutsa Norway, wadda ke ƙarƙashin Denmak, da sojoji kimanin 40,000. Ya yi wa ganuwar Fredriksten ƙawanya a garin da yau ake kira Halden. Daren 30 ga Nuwamba, yana leƙen masu haƙa ramuka, harsashi ya fasa masa kai. Shekararsa 36. Har yau ana gardama ko daga ganuwar maƙiya harsashin ya fito ko daga bayansa. An buɗe kabarinsa fiye da sau ɗaya don bincike, na ƙarshe a 1917.

Frederick na Hesse bai tsaya makoki ba. Ya janye runduna, ya raba wa hafsoshi kuɗin asusun yaƙi don ya saye zukatansu, ya aika wa matarsa saƙo Stockholm, ya kuma tura a kama Görtz kafin labari ya kai masa. Shi ne abin da ya faru a gidan faston Tanum. Saurayin Gottorp, ɗan shekara 18, ya rasa abin yi. Gado ya kuɓuce masa, bai kuma tsaya wa ministan gidansu ba.

Majalisar ƙasa ta yarda Ulrika Eleonora ta hau, amma da sharaɗin ta yafe mulkin kama-karya, iko ya koma hannun majalisa. Sabon zamani na buƙatar a yi wa tsohon zamani hukunci. Amma wa za a hukunta? Sarki ya mutu, ƙanwarsa ce a kan gado, sojoji na girmama sunansa. Manyan da ke shirin karɓar mulki kuwa, da yawansu sun yi masa hidima, sun sa hannu a takardunsa. Mutum ɗaya ne za a iya ɗora wa komai ba tare da an taɓa kowa ba.

Shari'ar da aka san ƙarshenta

Aka kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Per Ribbing. Babban zargin shi ne Görtz ya shiga tsakanin sarki da talakawansa, ya sa sarki ya daina yarda da majalisarsa, ya ba da shawarwarin da suka tsawaita yaƙi suka talauta ƙasa. Ba a ba shi lauya ba. Ba a ba shi isasshen lokaci ko damar rubuta kariyarsa yadda ya kamata ba. Hujjarsa ita ce shi ba talakan Suwidin ba ne, duk abin da ya yi kuma da umarnin sarki ya yi. Ya nemi a binciki lissafin kuɗin da ya riƙe. Ba a tabbatar ya ci ko kwabo ba, amma ai ba wannan ake nema ba.

Sharaɗin nan da ya kafa a 1716, cewa sarki kaɗai zai yi wa bayani, yanzu ya zama wuƙa a wuyansa. Wanda zai ce "ni na sa shi" yana cikin akwatin gawa. Mutumin da ya sa aka kulle tsoho Wedderkop shekara da shekaru, yau shi ne a gaban alƙalan da suka gama yanke hukunci kafin su zauna. Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

A ranar 19 ga Fabrairu, 1719, wato 2 ga Maris a kalandar da muke amfani da ita yau, aka kai shi dandalin kisa a kudancin Stockholm. Ya je da natsuwa, ba tare da roƙo ba. An ruwaito ya bar 'yan kalmomi da Latin masu ma'anar cewa mutuwar sarki da biyayyarsa ga sarki su ne ajalinsa. Hukuncin ya ce a binne shi a wurin, inda ake binne masu laifi, don a haɗa masa da wulaƙanci. Daga baya aka fitar da gawar aka mayar da ita Jamus.

Bayan an sare kai

Shin kashe shi ya gyara wani abu? Sulallan nan dai an karya darajarsu a 1719, wanda ya riƙe su ya tafka asara. Sabuwar gwamnati ta juya wa Rasha baya ta rungumi Ingila, da fatan jiragen yaƙin George za su kare ta. Ba su kare ta ba. A bazarar 1719 jiragen Rasha suka bi gaɓar Suwidin suna ƙone garuruwa, har da Norrköping. Suwidin ta bar wa Hanover Bremen da Verden, ta bar wa Prussia birnin Stettin. A 1721, a yarjejeniyar Nystad, ta miƙa wa Rasha Livonia da Estonia da Ingria da wani yanki na Karelia, aka mayar mata da Finlan da diyyar dala miliyan 2. Wato ta ba da abin da Görtz ya ce a bayar, ba ta kuma sami ramuwar da yake nema ba. Ko Peter zai cika alkawuran Åland da an sa hannu, wannan wata magana ce. Amma waɗanda suka kashe Görtz ba su kawo abin da ya fi nasa ba.

Frederick na Hesse ya cim ma burinsa: matarsa ta sauka ta bar masa gado a 1720. Sai dai bai bar magajin halal ba. A 1751 wanda ya hau gadon Suwidin shi ne Adolf Frederick, ɗan Christian August, wato mai riƙon ƙwaryar Gottorp da Görtz ya yi wa hidima. Saurayin nan Charles Frederick kuwa ya auri 'yar Sarki Peter, ɗansu ya zama Sarkin Rasha Peter na 3 a 1762. Gidan da Görtz ya mutu yana wa fafutuka ya hau gadaje biyu, ba shi a duniya. A 1776 wani masanin shari'a Bajamushe, Friedrich Karl von Moser, ya wallafa littafi guda don wanke sunansa.

Osterman, wanda ya zauna gabansa a Åland, shi ya sa hannu a Nystad, ya kuma riƙe harkokin wajen Rasha kusan shekara 20. A 1741 aka yi juyin mulki a fadar, Elizabeth 'yar Peter ta hau, aka kama shi. A farkon 1742 aka kai shi dandalin kisa, sai a ƙarshe aka sassauta hukuncin zuwa kora. Ya mutu a garin Berezov na Saiberiya a 1747.

Görtz ba waliyyi ba ne. Ya yi ƙarya a teburin ciniki, ya zalunci abokin hamayya, ya matse talakawan da ba nasa ba don burin wani gida na waje. Amma yaƙin ba shi ya fara ba, ba shi ya ƙi sulhu ba, ba shi ya fara buga sulallan ba. Wanda ya yi waɗannan, mutum-mutuminsa na tsaye yau a wani lambu a tsakiyar Stockholm, takobi a hannu, yana nuni da yatsa zuwa gabas. Sulallan jan ƙarfen kuwa suna nan a gidajen tarihi da hannun masu tara tsofaffin kuɗi, kuma har gobe da sunan Görtz ake kiransu.